Gashin Bakin Injiniya Ya Hau Tebur

Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ɗan ƙanwata ya turo ƙofar ɗakin bayan shagon Tela da ƙafa, domin hannuwansa na rungume da kwamfuta. Na duba agogo a lokacin. A makarantar mishan da na yi ina yaro an horar da mu cewa mai ba da labari ya fara da rana da sa'a, in ba haka ba gulma yake yi.

Injiniya muke kiransa. Bai taɓa shiga ajin injiniya ba. Fankar maƙwabta ya taɓa gyarawa, ta koma tana juyi da baya, sai sunan ya bi shi.

A wannan ɗaki muke wasan labari duk Asabar. Mukan kewaye teburin da Tela ke yanka yadi, a shimfiɗa taswirar wata ƙasa da babu ita a duniya. Malama, wadda ta yi ritaya daga koyar da tarihi, ita ce mai jan labarin: ta ce ga daji, ga kogi, ga abin da ya fito muku. Kowannenmu yana da mutuminsa a ciki. Ka faɗi abin da mutuminka zai yi, ka jefa ɗan ludo, Malama ta yanke ko ya yi nasara ko ya sha ƙasa. Nas tana da sarauniyar mayaƙa. Tela ɓarawo gare shi. Mai Aski nasa wada ne mai guduma. Ni tsohon mai fito nake riƙe da shi, wanda aikinsa ya haye da mutane kogi ya koma gefe. Akwai kujera ɗaya da babu kowa a kanta, ta mai ɗakina ce, Allah ya jiƙanta. Ba mu ɗauke ta ba.

Mutumin Injiniya jarumi ne mai suna Tsawa, kuma sunan kaɗai ne mai ƙarfi. Ɗan ludo ba ya ƙaunarsa. Tsawa ya faɗa rijiya, ya karya takobi wajen yanke igiya, agwagwa ta taɓa kora shi har saman bishiya. Ga shi Asabar mai zuwa za mu isa gadar da Dodo ke kwance, kuma Malama ta ce wanda ya kayar da shi shi zai ɗauki kambin birni. Injiniya yana son kambin nan kamar ransa.

Doka ɗaya gare mu: abin da ya hau tebur kowa ya gani, ya zama gaskiya a labarin, ba a janyewa. Mai Aski ne ya jawo ta, saboda duk lokacin da aka shiga matsi sai ya tuna wai yana da tsani a jaka. Tun daga nan dokar ba ta taɓa lanƙwasa ba. Maɓallin riga ya taɓa faɗo wa Tela a kan taswira, Malama ta ce tafki ne. Har yau muna kewaye shi.

Injiniya ya dire kwamfutar kusa da almakashi ya ce, "Jama'a, zamanin duhu ya ƙare. Shekaru kuna wasa da mutanen da ba ku san fuskarsu ba. Akwai manhajar ƙirƙirarriyar basira, ka gaya mata kamannin mutum ta zana shi kafin ka haɗiye yawu. Ni kuwa na san kanta ciki da waje."

"Kamar yadda ka san fanka?" in ji Mai Aski.

"Fankar nan tana juyi ko ba ta juyi?"

"Tana yi. Sauro ma ta nan suke hawa su huta."

Injiniya ya share shi, ya juya ga Malama da murya mai laushi. "Malama, tambaya ce kawai. Hoto idan ya hau tebur, dokar nan ta hau kansa?"

Malama ta dube shi ta saman tabarau. "Ta hau."

"Duk abin da ke cikinsa? Ko takobi ne, ko fukafuki?"

"Duk abin da ido ya gani."

"Ba janyewa? Ko wani ya yi kuka, ko ya yi birgima?"

"Kai ka faɗa."

"Kawu, kai ne shaida," ya ce da ni.

Na ce na ji. Na kuma ce masa ya bi a hankali, amma ya riga ya fara naɗe waya yana fito.

Da yake ni ne shaida, ranar Litinin na je gidansa na zauna a falo, shi kuwa ya baje a gaban kwamfuta yana lanƙwasa yatsu. Abu na farko da ya yi, ya ɗora wa manhajar hotonsa na ranar aure.

"Wannan na mene ne?" na tambaya.

"Kawu, ita fa ba ta taɓa fita waje ba. Dole a nuna mata yadda kwarjini yake, ta samu abin aunawa."

A nan ya kamata in bayyana fuskar ɗan ƙanwata. Yana da wushirya mai faɗi, da kunnuwa da suka yi gaba kamar suna son jin abin da ake faɗa a ɗaki na gaba. Amma abin alfaharinsa gashin baki ne, baƙi wuluk, mai murɗaɗɗen ƙarshe, wanda Mai Aski ya daɗe yana roƙon a bar shi ya rage.

Ya fara da sarauniyar Nas. Ya rubuta doguwa ce, mai mashi, mai kitso har gadon baya. Hoton ya fito. Kitson ya yi kyau, mashin yana walƙiya. Sarauniya tana murmushi da wushirya, ƙarƙashin gashin baki mai murɗaɗɗen ƙarshe.

"Ƙaramin abu ne," in ji Injiniya. Ya rubuta: ki cire gashin baki.

Gashin ya ƙara kauri.

Ya rubuta: ba na son gashin baki, mace ce, mata ba su da gashin baki, kada in ƙara ganin gashin baki.

Wannan karon ya kai kunne, har an yi masa ado da zoben zinariya.

Matarsa ta shigo da shayi, ta leƙa, ta ajiye faranti a hankali. "Maigida, wannan wace ce? Kana da 'yar'uwa ne aka ɓoye mini?"

"Aiki nake yi."

"Ai kamar ta yi yawa. Kawu, ku a danginku haka matan suke?"

Na ce ban san da ita ba.

"Ka rufe abin ka sake buɗe sabo mana," ta ce. "Ko talabijin haka ake yi masa."

"In rufe? Bayan ta saba da ni? Kin san wahalar da na sha kafin ta gane ni?"

"Ai ta gane ka. Ba ta ma san kowa ba sai kai."

Washegari ɓarawon Tela ya fito da gashin baki da hannu uku. Na ukun ya ɓullo ta ƙarƙashin hammata yana riƙe da jakar wani. Injiniya ya ce a cire hannu ɗaya, ta cire na dama ta mai da shi kafaɗa. Ya ce a bar shi yadda yake, ta ƙara masa yatsa. Wadan Mai Aski kuwa gemunsa ya sauko har ciki, ya murɗe, ya zama ƙotar guduma, ba ka sanin inda gashi ya ƙare ƙarfe ya fara.

Tagar falon tana kallon titi, kuma Injiniya ba ya aiki shiru. Da farko lallashi yake yi: "Haba 'yar gari, ni da ke fa." Daga nan ya koma manyan baƙaƙe. Daga nan ya fara barazanar zai koma wajen wata manhajar da ta fi ta tarbiyya. Mai wankin mota ya bar bokitinsa ya zo taga. Mai sayar da katin waya ya biyo shi. Kafin Laraba, matan layin sun daina tambayar matarsa lafiyar yara, sai lafiyar ƙanwar mijinta mai gashin baki.

Mai Aski ma ya rufe shago ya zo leƙe. Injiniya ya yi saurin rufe allon da matashin kujera, amma ya makara.

"Wa ya yi wa wancan mutumin gyaran fuska?" in ji Mai Aski, ransa a ɓace. "Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Idan aka ce wadana ne, mutane za su ce ni na yi."

"Zanen gwaji ne. Ku ba ku san matakan aiki ba. Ranar Asabar ka zo da kujerar zama, ka gayyato duk wanda ka sani."

"Ai ba sai na gayyata ba."

Ranar Alhamis ya zo kan Tsawa, wanda dama dominsa aka tayar da duk wannan ƙura. Ya gyara zama, ya rubuta yana karantawa da ƙarfi don 'yan taga su ji. Sulken zinariya da ya rufe ko'ina, ba inda kibiya za ta shiga. Takubba bakwai. Fukafukai. Garkuwa mai fitar da wuta. Dokin yaƙi a gefe, wanda ya fi iska gudu.

"Ba ka bar wa Dodo komai ba," na ce.

"Ya kawo nasa hoton, Kawu."

Sai ya tuna da sauran. Ya haɗe rai, ya rubuta umarni na ƙarshe da yatsa ɗaya, yana dukan kowane harafi: ki sake zana su duka, kuma ki cire mutumin cikin hoton aure gaba ɗaya, kada in ƙara ganinsa.

Hotunan suka fara fitowa ƙanana a gefen allo. Ya hango zinariya da fukafukai, ya tafa hannu, ya tura su shagon buga hoto kai tsaye, ya ce a saka kowanne a ambulan a liƙe.

"Ba za ka buɗe su ka duba ba?" na ce.

"Kawu, dubawa ta masu shakka ce. Na yi mata magana da babbar murya, ta ji."

Mai buga hoto ya kira shi a waya da yamma. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune, tana rawa kamar ta mai riƙe dariya. "Injiniya, ka ga kayan nan kuwa?"

"Ni na yi su. Kai dai liƙe."

Ranar Asabar ɗakin bayan shago bai taɓa cika haka ba. Tela ya tura kekunan ɗinki jikin bango. Mai wankin mota ya hau kan buhun ƙyalle, mai katin waya ya tsaya a ƙofa yana ba na waje labari. Matar Injiniya ta samu wuri a gaba, ta ce ba za ta ji a bakin wani ba. Wani ya kai hannu zai ja kujerar mai ɗakina, Nas ta dube shi sau ɗaya, ya saki.

Injiniya ya zo da kwat, ya shafa wa gashin bakinsa mai. Ya yi jawabi a kan ci gaban zamani har Malama ta ƙwanƙwasa tebur da ɗan ludo. Sannan ya miƙa wa Nas ambulan ɗinta.

Ta buɗe ta ajiye. Gashin bakin yana nan, har da zobensa.

Ɗakin ya ɗauki ihu. Injiniya ya kai hannu zai ɗauke, Malama ta dafe hoton da tafinta. "Ya hau."

Nas ta daɗe tana kallon sarauniyarta. Mace ce da ta ga abubuwa da yawa a asibiti, ba ta firgita da wuri. "Malama, masu gadin gadar nan, ba kin ce mace suke nema ba, mai kitso?"

"Haka na ce."

"To su ci gaba da nema."

"Ta wuce, har sun sara mata," in ji Malama.

Tela ya buɗe nasa, ya ƙirga hannuwan da bakin almakashi, fuskarsa ta washe. "Malama, ina da tambaya."

"Na sani. Za ka jefa ɗan ludo sau uku a duk sata."

"Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Duk wandon da ka kawo, gyara kyauta."

Mai Aski ya buɗe nasa yana tsaki tun kafin ya gani. "Wannan aski cin mutunci ne." Sai ya bi gemun da yatsa har zuwa guduma. "Amma tsaya. Ke nan ba wanda zai iya ƙwace mini ita?"

"Sai dai a yi maka aski," in ji Malama.

"Wa zai yi? Ni kaɗai ne mai aski a ƙasar."

Na jira tawa ambulan. Injiniya ya laluba aljihu, ya dube ni, ya dubi silin. Ya manta da mai fito. Na ce ba komai, dama mutumin ya saba.

Zuwa lokacin Injiniya ya farfaɗo, ganin kowa na murna. "Kun gani? Duk da gangan na yi. Dabara ce. Yanzu ku matsa, ku ba babban baƙo wuri." Ya ɗaga ambulan ta ƙarshe sama, ya yage ta, ya buga hoton a tsakiyar taswira ba tare da ya kalla ba, idonsa na kan jama'a. "Ga Tsawa! Dodo ya fara rubuta wasiyya!"

Gaskiya hoton ya yi kyau. Sulken yana ƙyalli, fukafukan sun baje, takubban sun cika bakwai, na ƙirga. Mutane suka matso suna kallo.

Malama ta gyara tabarau, ta sunkuya, ta daɗe. "Injiniya, ina jarumin?"

"Ga shi nan a gabanki."

"Ga sulke a gabana. Murfin hular a buɗe yake, kuma ta cikinsa ina hango dutsen da ke baya. Har da tsuntsu."

Ya sunkuya shi ma. Tsakanin hula da ƙirji babu wuya. Tsakanin hannun riga da safar ƙarfe babu komai sai sararin sama. A duk hotunan, nan kaɗai manhajar ta ji maganarsa. Ta cire mutumin gaba ɗaya.

"Yana ciki," in ji Injiniya. "Ya sunkuya ne."

"Yana neman me?" in ji Mai Aski.

"Dabarar yaƙi ce! Ku me kuka sani?"

Nas ta ɗora yatsu biyu a wuyan sulken, ta dubi agogonta yadda take yi a wurin aiki. "Babu bugu. Ku yi haƙuri, mun yi iya ƙoƙarinmu."

Mai wankin mota ya faɗo daga kan buhu.

Malama ta ɗaga murya irin ta jan labari. "Kun iso bakin gada. A gefen hanya kun tarar da sulken zinariya a tsaye, ba kowa a ciki, ba mai shi. Me za ku yi?"

"Takubban," in ji Tela, ya riga ya ɗauki ɗan ludo. "Sau uku, ko?"

"Fukafukan nawa ne," in ji Nas.

"Ku bar mini garkuwar, da hular, zan dafa ruwan zafi a ciki," in ji Mai Aski.

"Malama!" Injiniya ya dafe hoton da hannu biyu. "Kuskuren na'ura ne. A ba ni minti biyar in sake. Shekara nawa ina tare da Tsawa? Ko agwagwa ba ta raba mu ba."

A nan muryarsa ta karye da gaske, har na ji tausayinsa. Malama ma ta sassauta fuska, amma ta nuna maɓallin rigar da ke kan taswira. "Tafkin nan ma kuskure ne. Wa ka ga ya cike shi?"

Ya juyo gare ni. "Kawu, kai ne babba a nan. Ka faɗa musu ba haka na nufa ba."

Ɗan ƙanwata ne, a hannuna aka yi masa suna. Amma shi ya naɗa ni shaida. Na ce, "Abin da ka faɗa shi ne: ba janyewa, ko wani ya yi kuka, ko ya yi birgima."

"Bai kai ga birgima ba tukuna," in ji matarsa. "Ku ba shi wuri."

Ana cikin wannan dariya Tela ya ce a tsaya, akwai wani abu a bayan fuffuke. Aka matsar da hannun Injiniya. Dokin yaƙin ne. Wato abin da aka aiko a madadinsa: wata dabba tsakanin alfadari da akuya, mai ƙafa biyar, kunnuwanta sun yi gaba. Tana murmushi da wushirya. A ƙarƙashin hancinta, baƙi wuluk, mai murɗaɗɗen ƙarshe, ga shi nan.

"Alhamdu lillahi," in ji matarsa. "Ashe bai ɓata ba."

Malama ta jira ɗakin ya lafa. "Doka ba ta hana mutum wasa ba. Akwai mai rai guda a hoton nan, kuma kowa ya ga kamannin wa ya ɗauko. In kana so, naka ne. Dama ana bukatar mai ɗaukar kaya, ga sulke ya yi nauyi."

Injiniya ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce shi ba za a wulaƙanta shi a gaban masu wankin mota ba, ya ɗauki kwamfutarsa ya fita. Jama'a suka bi shi titi suna tambayar ko ana yi wa ƙafa ta biyar takalmi dabam. Muka ji hayaniyar tana nisa har ta ɓace.

A ranar, Nas ce ta kayar da Dodo, daga sama, da fukafukan Tsawa. Ta sa kambi a kan kitso, ta murɗa gashin baki.

Muna tattara kaya ƙofa ta buɗe a hankali. Injiniya ne, babu kwat, babu kwamfuta. Ya zauna a kujerarsa, ya jawo hoton, ya daɗe yana kallon dabbar.

"Malama," ya ce, "tambaya ce kawai. Dokin da ke da ƙafa huɗu da wanda ke da biyar, wanne ya fi gudu?"

"Jefa mu gani."

Ya hura wa ɗan ludo iska, ya jefa. Ɗaya ta fito.

"Ka harɗe," in ji Malama. "Ka faɗa tafki."

Waɗanda suka rage a teburin daga wannan rana su ne: Malama, da tabaraunta. Sarauniya mai kambi, wadda har yau ba ta yarda an rage mata gashin baki ba. Ɓarawo mai hannu uku da takubba bakwai, yana ƙorafin hannu bai ishe shi ba. Wada, da hular da yake dafa ruwa a ciki. Wata dabba mai ƙafa biyar da ke ɗaukar kayan kowa, tana gaya wa duk wanda ta haɗu da shi cewa dabara ce. Kujerar mai ɗakina. Sai tsohon mai fito, wanda ba a zana ba, shi ya shiga da kwalekwale ya fito da dabbar daga cikin maɓallin riga.